Jarrabawar Siddik a Lokacin Yankan Riɗi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a layin ganin likitan ido sai an tare ni: "Malama Binta, wai da gaske kin je Sudan? Ya can ɗin yake?" In na ɗauko labarin sai a buga ƙararrawa ko a shigo da abinci, a watse a bar ni da baki buɗe. Akwai waɗanda na sha kai su bakin iyaka ban taɓa tsallakar da su ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta da kansa, maƙogwarona ya sarara.

Asali ba Sudan na nufa ba. Kwas aka tura ni Addis Ababa, na malaman da ke shirya ɗalibai wa jarrabawar Turancin nan da jami'o'in waje ke nema, ni kuma ɓangaren saurare ne fannina. Da na je sallamar Inna a Funtuwa, sai ta ce in nuna mata Habashar a waya. Na buɗe taswira. Ta ce to ina Gadarif ta ƙasar Sudan? Na nuna mata. Ta ɗora yatsa tsakanin biyun ta ce, "Ai ko faɗin yatsa bai kai ba. Ki leƙa min su."

Su ɗin da take nufi iyalan yayanta ne, Kawu Haruna. Tana ƙarama ya bar gida da ƙafa zai je Hajji, ya ce da an sauko daga Arfa zai juyo. Ya tsaya Gadarif neman guzuri, ya yi Hajjinsa, ya koma Gadarif, ya yi aure, ya rasu a can. Inna ta girma, ta yi aure, ta haife mu, ta tsufa, ba ta sake sa shi a ido ba. Abin da ya rage mana shi ne lambar wayar ɗansa, Haj Bashir, da wani alhajin unguwarmu ya samo a Makka. Maigidana ya ce tunda Inna ce ta faɗa, shi ba ya sa baki. Na nemi biza, na cika jaka da daddawa da kuka da kilishi.

Faɗin yatsan nan na Inna sai da ya ci min kwanaki. Da aka gama kwas na je na yanki tikitin motar Gondar, mai sayarwa ya ce ƙarfe sha ɗaya za a tashi. Na yi barcina, na karya a natse, na iso tasha da hantsi ina yaba wa kaina. Mota ta tafi tun asuba. Ashe mutanen Habasha agogonsu daban ne, daga fitowar rana suke fara ƙirga, sha ɗayarsu ita ce biyar ɗin asubarmu. Ni da na fito daga kwas ɗin koya wa mutane kasa kunne, ga ni tsaye da akwati ana yi min bayani da hannu. Na koma masauki na biya wani kwanan ina ƙunƙuni.

Washegari na kama motar. Hanya ce da ke bin bakin duwatsu, in ka leƙa ta taga sai ka ga rufin gidaje can ƙasa, don haka na daina leƙawa na kama carbi. Matar da ke gefena ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarenta, amma ta yini tana zuba min soyayyar hatsi a tafi, ni ina yago mata kilishi. Yajin ya sa ta hawaye, ta kuma miƙo hannu. A inda aka tsaya cin abinci aka kawo min wainarsu mai faɗin faranti, kamar sinasir ɗin da ya kwana ya yi tsami. Loma ta farko na yamutsa fuska, kafin in ankara na cinye.

A Gondar sanyi ya karɓe ni. Ruwan alwala sai ka yi shahada kafin ka taɓa shi, bargon masaukin kuma bai kai ƙafa ba. Da safe na shiga ƙaramar mota zuwa Metema, garin iyaka, sanye da rigar sanyi da safa da mayafi biyu. Muna gangarowa ina cirewa ɗaya bayan ɗaya, kafin mu isa na koma fifita da fasfo. Motar cike take da samarin Habasha, kowa da lauje naɗe cikin buhu. Wani mai ɗan Turanci ya ce min Fashaga za su, yankan riɗi. Ya ce riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, ka makara kaɗan sai kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa, sai dai tsuntsu ya gode maka. Na ji maganar na wuce, ban san zan sake haɗuwa da ita ba.

Iyakar wata 'yar gada ce, da ƙafa ake tsallakawa. A ɓangaren Sudan, Galabat, jami'in kwastan ya zuge jakata, warin daddawa ya yi masa sallama. Ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Suna cikin shawara sai ya zaro 'yar lasifikar da nake koyarwa da ita, ya ce menene wannan. Na haɗa ta da waya na kunna. Muryar wata Baturiya ta cika ofis, tana neman a ajiye mata ɗaki mai kallon teku. Suka saurara da mutunci har ta gama, sannan ya rufe jakar ya ce, "Halas." Na fahimci an sallame ni.

Na fito ina mita da Hausa, a kan zafi da ƙafata da ta kumbura. Wata mai shayi a gindin bishiya ta ɗago kai.

"Hajiya, daga Najeriya? Itfaddali, taho ki zamna. Kin sha hanya wallahi."

Na tsaya ina kallonta. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta, ba ta taɓa ganin Kano ba. Hausarta kuwa Sakkwatanci ne da Kananci da Larabci a tukunya ɗaya, kuma ya dahu. Ta zuba min shayi da sukarin da zai ishi gidanmu kwana biyu, ta ƙi karɓar komai, ta kuma sa aka samo min kujerar gaba a motar Gadarif.

Daga nan ƙasa ta miƙe shimfiɗe, baƙa wuluk, dawa da riɗi iya ganinka. Na ga gonar da muka yi ta gudu ba mu fita daga cikinta ba. Shingen bincike kuwa ba a magana, amma a ɗaya sojan da ya karɓi fasfona ruwan sanyi ya fara miƙo min. Da la'asar muka hango manyan rumbunan gwamnati, muka shiga gari. Abin da ya fara ba ni mamaki bukkoki ne masu jinka a tsakiyar birni, kusan kowane gida, ko da ginin siminti ne, sai ka ga tsinin bukka ya leƙo ta saman katanga.

Haj Bashir na jirana a tasha, dogo, cikin farar jallabiya da rawani. Ban buƙaci a nuna min shi ba, goshin Inna ne sak. Na yi niyyar daurewa, hawaye suka ƙi. Shi kuwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Babana da ƙafa ya zo nan, ke da jirgi da mota, lakin kin fi shi nuna gajiya." Sai na tuna ashe taubashina ne, ɗan namiji da 'yar mace. Kawu bai bar wasan nan a hanya ba, ya kawo shi har nan ya koya wa ɗansa. Na ce masa ai shi ma rawanin ne ya rufa masa asiri, na tabbata ba gashi a ƙarƙashi.

Gaisuwar gidan ba zan iya kawo ta duka ba, takarda za ta ƙare. Matarsa, Hajja Amna, ta rungume ni tana tambayar lafiyata, da ta Inna, da ta yara, ta dawo kan tawa. In kin amsa an sake daga farko. Mu Hausawa muna ganin mun iya gaisuwa, to a can aka kai ta makaranta.

Aka ba ni bukka guda, mai sanyi, da gadon igiya da suke kira angareb. Da safe aka kawo shayi da madara da 'yan ƙosan fulawa, shi ke nan. Na jira, shiru. Na ce a raina ko dai gidan ana cikin matsi ne, na lallaɓa na ci kilishina na ƙoshi. Rana ta ɗaga sosai sai ga tire ya shigo, mutum biyu ke ɗauke da shi: wake da man riɗi, ƙwai, kisra mai laushi kamar sinasir ɗin da aka yi wa rowar ƙullu, miyar kuɓewa busasshiya, har da tsire, wanda a can agashe ake ce masa kuma namu ne suka kai sana'ar. Wannan ne karin kumallon, fatur. Na ce na ƙoshi. Hajja Amna ta rantse, na ci. Na tsame hannu, ta sake rantsewa. Ranar ban iya sunkuyawa da kyau ba sai la'asar.

A kicin ta ba ni labarin babban ɗansu, Siddik. Na riga na gan shi, mai shiru-shiru, shekarunsa sun doshi talatin, in ubansa na magana idonsa na ƙasa. Ya karanci aikin gona, wata jami'a a Turai ta ba shi gurbi da tallafi, zai yi bincike kan irin riɗin da kwansonsa ba ya saurin fashewa. Sharaɗi ɗaya ya rage, sakamakon jarrabawar Turanci. Karatu da rubutu da magana duk yana hayewa, saurare ke kayar da shi, har sau biyu. Zama na ƙarshe kafin gurbin ya wuce shi ne Asabar ta sama, a Kartum. Ga shi riɗin gonarsu da ke wajen Fashaga ya nuna, kuma Siddik ne ke tsayawa kan ma'aikata.

"Haj ya ce a bari sai bayan simsim," in ji ta, tana nufin riɗin. "Bayan simsim kuwa ba sauran imtihan," wato jarrabawar.

"Shi Siddik ɗin me ya ce?"

"Me zai ce? Ya ce hadir." Wato to, an gama.

Na ce a turo min shi da fensir. Jarrabawa ko za a yi ko ba za a yi ba, ni dai ba zan ci abincin mutane a banza ba.

Muka kafa aji a gindin dogonyaron tsakar gida, kullum bayan la'asar. Na tuna masa dokar farko: sau ɗaya ake kunna faifan, ba a maimaitawa, wanda ya wuce ya wuce. Muka fara da tambayoyin cike gurbi, inda wani ke buga waya yana ba da suna da unguwa da rana, kai kana rubutawa. Na kunna Baturiyar nan mai son kallon teku. Da aka gama na duba takardarsa, guraben farko fayau, na ƙarshe duk daidai.

"Ina ka tafi da aka fara?"

"Goggo, ina jira su gama gaisawa ne."

"Sun gama tun a kalmar farko."

Ya ce, "Ba ta tambayi iyalin mai masaukin ba?"

Ba ta tambaya ba. Kunnen da aka raina a Gadarif ya saba hutawa a farkon zance, don ya san ba a shiga magana sai shayi ya huce. Bature kuwa kafin ka gyara zama ya faɗi sunansa ya harrafa shi. Wannan bai yi wuyar gyarawa ba. Tarkon da ke kama ɗalibaina na gida, inda mai magana zai ce Talata sannan ya ce a'a, Laraba, shi bai taɓa kama Siddik ba. Ya ce dillalan kasuwar riɗi sun fi haka juya magana.

Sai tambayoyin taswira, a ba ka zanen wuri, murya na cewa ka shiga ta ƙofa, ka yi hagu, ka wuce kaza, kai kana sa wa ɗakunan suna. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Ina gabas a nan?" A garinsu ba a kwatance da hagu da dama. Daga masallaci ka yi gabas, in ka kai gidan wane ka yi kudu. Na ɗebo toka na zana taswirar a tsakar gida, randar ruwa ta zama ƙofar shiga, akuyar Hajja Amna da ke ɗaure ta zama ɗakin karatu. Ina karantawa yana takawa. Sau ɗaya ɗakin karatun ya tsinke igiya ya koma inda muka sa wurin ajiye motoci, aka tashi aji.

Tambayoyin gajeriyar amsa, da aka ce kada ka wuce kalma biyu, sai ya rubuto jimla da kai da ƙafa. Ya ce a nan in ka amsa wa mutum da kalma biyu sai ya zaci kuna gaba. Na ce mai duba takardar ba surukinsa ba ne. Tambayoyin haɗa wannan da wancan kuwa, a ba ka sunaye a gefe, bayanai a gefe, ka aura wa kowanne nasa, wannan kamar wasa yake yin su.

Inda muka cije shi ne tambayoyin zaɓi, a kashin da ɗalibi ke tattaunawa da malaminsa. A ba ka amsa uku, a ce me suka yanke. Na kunna wani faifai: malami ya ce wa ɗaliba ta raba wa mutane takardun tambaya don bincikenta. Ta ce shawara ce mai kyau, amma tana ganin zama da su baki da baki zai fi, ta kawo dalili. Malam ya ce to, ya gamsu. Siddik ya zaɓi takardun tambaya. Na sa wani faifan, ya sake zaɓar maganar malami. Na uku ma haka.

"Ba ka ji abin da ta ce ba ne?"

Ya maimaita min maganarta tas, babu kalmar da ta kuɓuce masa.

"To me ya sa ka zaɓi na malam?"

"Ustaz ya riga ya faɗa, Goggo. Ita dai ta yi magana ne. Ƙarshenta abin da ya ce za a yi."

Na ajiye biro na dube shi. Shekara da shekaru ina koyar da abin nan, ban taɓa ganin wanda ya ji komai ya kuma faɗi don ladabi ba. Kunnensa lafiya lau. Zuciyarsa ce ba ta yarda ƙarami zai ce amma, babba ya ce to ba. Kuma a wannan kashin yake zubar da makin da yake nema.

Zuwa lokacin ajinmu ya yi 'yan kallo. Hajja Amna na gasa ƙwayar gahawa a gefe tana haɗawa, Haj Bashir na kishingiɗe a angareb yana jan carbi kamar ba ya ji. Na ce bari in gwada gidan duka. Na fassara musu hirar da Hausa, na jera amsoshin. Hajja Amna ta ce na malam. Haj Bashir ya ce wannan ai ba tambaya ba ce, na ustaz. Na ce duk kun faɗi.

Ya tashi zaune. "Yarinyar ta mayar wa ustaz magana?"

"Ta ce shawararsa mai kyau ce, sannan ta kawo tata."

"Bai kore ta ba?"

"Ya ce ya gamsu."

"Kuma wanda ya bi maganar babba shi ne ya faɗi imtihan?" Ya girgiza kai. "Allah ya kyauta." Ya koma ya kishingiɗa, amma na lura carbin ya tsaya.

Na gwada sa'ata ta hanyar wasa. Na ce masa riɗi kowace shekara ana yi, ya bar yaro ya je. Ya yi dariya ya ce 'yar mace ta zo daga Najeriya za ta raba masa aikin gona, ya tambaye ni ko a Funtuwa har yanzu da fartanya muke fama. Na gane ba daga bakina yake son jin maganar ba. Na samu Siddik na gaya masa haka. Ya ce, "Goggo, ke baƙuwa ce, jibi kin tafi. Ni tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Yaba lakin ba." Wato bai taɓa ce wa ubansa amma ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushinsa, don na ga yaro mai ƙwaƙwalwa zai zauna yana kallo abu ya wuce shi.

Ranar Laraba bayan magariba ana shan gahawa, turaren wuta na tashi, sai na ji Siddik ya yi gyaran murya. Ya ajiye kofinsa.

"Yaba, maganarka daidai ce, simsim ba ya jira." Ya ɗago kai. "Lakin imtihan ɗin ma ba ya jira. Wakilin gona ya san aikin. In na tafi Juma'a, Lahadi ina cikin gona. In ban je wannan ba, shi ke nan."

Ko akuya ba ta motsa ba. Haj Bashir ya shanye gahawarsa, ya kife kofin, ya sa takalmi ya tafi masallaci tun ba a kira isha ba. Alhamis ta zo ta wuce bai ce uffan ba. Ni kaina ya daina tsokanata, abin ya dame ni, na fara tunanin ko na zo gidan mutane na haɗa uba da ɗa. Ranar ce Hajja Amna ta sa aka kai ni bakin maƙabartar da Kawu yake, na tsaya daga waje na yi masa addu'a, na isar da gaisuwar ƙanwarsa.

Juma'a da sassafe zan kama motar Kartum, daga can in hau jirgi. A-kori-kurar gidan na ƙofa, an loda buhuna da jarkokin ruwa da garin ma'aikata, za a sauke ni a tasha su wuce gona. Siddik ya haye baya cikin tsohuwar riga da takalmin roba, bai ko kalle ni ba. A tasha aka sauke akwatina. Na yi sallama da Haj Bashir ta taga, ya amsa a gajarce. Sannan, idonsa na kan hanya, ya faɗa wa direba wata 'yar magana da Larabci, ƙasa-ƙasa, ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Ni ban kama komai ba. Sai gani na yi Siddik ya diro daga bayan mota kamar an harbo shi. Daga baya ya gaya min abin da aka ce: "Ja mu tafi, mutum biyu ne ke sauka a nan." Haj Bashir ya zura hannu a aljihun jallabiya ya zaro fasfon Siddik da fensira biyu da aka fiƙe da wuƙa, ya miƙa ta taga ba tare da ya juyo ba. Sannan ya dube ni.

"Ba na maimaitawa. Kin ce haka ake yi a imtihan ɗinku."

Motar ta tashi ta bar mu cikin ƙura. Haka Siddik ya shiga babbar motar Kartum mai sanyin na'ura da takalmin gona, mutane na kallonsa, shi yana ta murmushi yana share ido. A Madani aka tsaya, na saya masa riga da silifa. Sauran hanyar abin saurare na kunnensa, ni kuma ina gyangyaɗi. Da safiyar Asabar na raka shi har ƙofar wurin jarrabawa na ce masa kada ya jira a gama gaisawa. Da yamma na hau jirgi.

Na kai wa Inna riɗi da turare da hotuna. Ta daɗe tana kallon na Haj Bashir, ta shafa goshin da yatsa ta ce, "Yaya ke nan." Ta sa hoton ƙarƙashin matashinta.

Bayan 'yan makonni saƙon murya ya shigo daga Gadarif, mai tsawo. Na kunna ina tankaɗe. Haj Bashir ne. Ya gaishe ni, ya gaida Inna, da maigida, da yara, da mutanen Funtuwa masu fartanya, ya dawo kaina. Har hankalina ya fara tafiya wani wurin sai na ji ya shiga magana. Siddik ya ci. Riɗin gefen gabas ya ɗan zube kafin a kai gare shi, ma'alesh, ba komai, tsuntsaye ma bayin Allah ne. Ya ce na lalata masa yaro, yanzu kowace magana sai an ce masa lakin. Ya yi dariya, na yi. Sai dariyar ta tsaya, na ji shiru har na duba ko saƙon ya ƙare.

"Bayan Sallah zai tafi. Ya ce min shekara biyu ne, da ya gama zai juyo." Ya numfasa. "Babana ma haka ya ce wa babarki. To ke ustaza ce, kin san kan tambayoyin nan. In yaro ya ce zai dawo, wace amsa ake zaɓa?"

Wannan faifan ana iya maimaita shi, na kuwa maimaita ya fi a ƙirga. Inna na ɗaki tana lazimi, hoton na ƙarƙashin matashinta. Har yau ban ba shi amsa ba.